Riƙe Mini Maigidana

Shekarun baya, lokacin da aka hana hawa babur a Diffa, gari kuma ya cika da baƙin da ba biki ne ya kawo su ba, ni ina Damagaram ina karatun ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a. Ban yi nisa ba, amma kaina ya riga ya kumbura. An koya mana yadda yaro yake girma, yadda yake shaƙuwa da mai renonsa, da irin ɓarnar da firgita take yi wa ƙaramar zuciya. Na haddace, na ci jarrabawa, na taho hutu gida ina jin kamar duk yaran ƙasarmu ta Manga ni suke jira.

Na tarar gidanmu ya canja. Akwai wani ɗaki da marigayi mahaifina yake tara buhunan tattasai. Tun da gonarmu ta bakin kogin Komadugu, can wajen Geskeru, ta gagari zuwa, ba komai a ɗakin sai warin yaji da ya kama bango. Mahaifiyata ta sa aka share shi, ta ba wasu 'yan gudun hijira da suka tsallako daga wancan gefen kogi. Miji da mata ne da yara biyu. Mijin da wuya ka gan shi, daga sallar asuba ya fita dako kasuwa sai magariba. Matar siririya ce mai yawan sunkuyar da kai, Hausarta da karin Kanuri, tana ce mini Anti ko da yake kusan sa'o'in juna ne. Kullum goye take da jaririya. Sai kuma babban ɗanta, namiji, ɗan wajen shekara huɗu.

Shi ne ya tsaya mini a rai. Tun da suka iso ba wanda ya ji muryarsa. Da safe zai je bakin zaure ya jingina da bango, ya fuskanci kudu wajen kogi, ya wuni a nan. In an ba shi abinci sai ya riƙe kwanon har ya huce. Wuyansa ya zama siriri, rigarsa ta yi masa yawa. An kai shi likita, suka ce ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, suka ba da irin abincin ledar nan na yara masu tamowa. Shi ma riƙe shi yake yi a hannu har ya yi ɗumi. Wata ma'aikaciyar wurin ta ja mahaifiyata gefe ta ce in ya ci gaba da ramewa haka, ƙaramin ciwo ma zai iya tafiya da shi.

Abin da na lura da shi kuma, uwar ba ta taɓa shi. Jaririyar kam ta sha wasa, a jefa ta sama a cafe, a kira sunanta da waƙa. Shi kuwa sai dai ta ajiye kwano a gefensa tana kallon wani wuri. In za ta yi zancensa sai ta ce "wannan". Ba wai ban san dalili ba. Ɗan fari ne, kuma ni ma a gidan kunya na tashi. Har yau ban taɓa jin sunan yayana ya fito daga bakin mahaifiyata ba. Amma a lokacin na yanke a raina cewa al'ada ta zaman lafiya ce, in yaro yana narkewa a gaban ido sai a ajiye ta gefe.

Wata rana muna wanki ni da baƙuwar tamu, na yi ta jan ta da hira har ta ba ni labari. Ashe tun da aka yaye yaron, kakarsa, uwar mijinta, ta ɗauke shi. A bayanta yake barci, a kwanonta yake ci, ita take yi masa wanka, ita take yi masa tsiya tana ce masa maigida. Ranar da suka gudo, ruwa ya cika, kwalekwale ya cika. Tsohuwar ƙafarta ba lafiya, ta ce su tafi, za ta biyo na gaba. Da hannunta ta kwance shi daga bayanta ta miƙa wa uban. Na gaba bai zo ba. Daga baya labari ya iso cewa ciwo ya kwantar da ita a can, ta rasu. Ba wanda ya san yadda zai gaya wa yaron, sai aka yi shiru.

Na ce, "To ke ki ɗauke shi mana. Ki rungume shi, ki kira sunansa. Ke kaɗai gare shi yanzu."

Ta dubi kumfar sabulu ta ce, "Anti, ɗan fari ne fa."

"Na sani. Amma kina gani yana ƙarewa."

Ta daɗe tana murza rigar da ta riga ta fita. Sannan ta ce, "Ina gani, Anti. Ko na juya baya ina ganinsa. Hannuna ne bai san hanya ba. In na tashi zan je, sai in ji kamar duk mutanen garinmu suna kallona."

Mai hankali da ya ji wannan sai ya tausaya ya bi a sannu. Ni kuwa 'yar jami'a sai na ji ai an ba ni aikin gida. Washegari da hantsi, matan maƙwabta sun taru a tsakar gidanmu suna taya mahaifiyata gyaran ɗan busasshen tattasan da ya rage, baƙuwar tana cikinsu. Na je zaure na ɗauko yaron, ba nauyi ko kaɗan, na zo na ɗora shi a cinyar uwarsa a gaban kowa. Har da murmushina.

Ta zabura ta miƙe kamar garwashi na ɗora mata. Yaron ya zame ya zauna a tabarma. Wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya ta ce, "Ke ɗiyar nan, boko bai bar ki da kunya ba!" Sauran suka ɗauka. Ba dariyar mugunta ba ce, amma baƙuwar ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, ba ta ƙara fitowa ba sai la'asar. Yaron ya tashi a hankali, ya koma bakin zaure. Ranar ko ruwa bai karɓa ba.

Da mutane suka watse, mahaifiyata ta kira ni. Mace ce mai ciwon gwiwa da kaifin harshe, kuma in ta yi magana a sanyaye, to a lokacin ne ya kamata ka ji tsoro. A sanyaye ta ce, "Likitar gidanmu, an gama aikin?"

Na ce, "Iya, yaron yana buƙatar wanda zai riƙe shi. Haka aka koya mana, kuma gaskiya ce."

"Wa ya ce ƙarya ce? Ni ma ina da ido. Amma kunya ba riga ba ce da za ki ce ta tuɓe yau. Da ita aka raine ta. Kin ga yayanki? Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, amma bai taɓa kukan rashin baya ba, don uwar mahaihinku tana nan. Mu muna kawar da kai ne don mun san akwai mai dubawa. Wannan yaron, mai dubawar ce ta zauna bakin kogi."

Ta shafa gwiwa. Can ta ce, "Bari in gwada sa'ata, ko zai aure ni."

Washegari da safe ta ɗauki 'yar kujerarta ta tsuguno ta kai bakin zaure, ta zauna ɗan nesa da shi. Ba ta taɓa shi ba, ba ta ma dube shi sosai ba. Ta ce, "Wushe, maigida. An kwana lahiya? Ni kam ban kwana ba. Wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi, ba kihi, ba goro, ba ko sannu?" Ta yi ta mita, rabi da Hausa rabi da Kanuri, don ita 'yar bakin kogi ce, da shi ta tashi. Yaron ko motsi. Ta gama ta ɗauki kujerarta ta dawo.

Haka ta yi gobe, haka ta yi jibi. Sai ta koma cin abincinta a can. Ta zauna da kwanon shinkafa da ɗan bandan kifi, ta ajiye shi tsakaninsu, ta ce, "Kar ka taɓa. Marowacin miji ba ya cin girkina." Sannan ta juya baya wai tana gaisawa da masu wucewa, ta yi ta jan gaisuwa har da tambayar awakinsu. Ni ina leƙe daga tsakar gida, a raina ina cewa wannan ba ya cikin kowane darasi. Kwanaki suka yi ta wucewa kwanon yana dawowa yadda ya tafi, har na fara cire rai. Rannan sai na ga ɗan siririn hannu ya miƙe, ya tsinci kifi, ya kai baki da sauri. Mahaifiyata ta juyo ta leƙa kwano, ta tafa hannu ta ce, "Ɓarawo a gidana! Ashe mijin nawa ɓarawo ne!" Sai na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ba dariya ba ce tukuna, amma hanyarta ce.

Daga nan ya fara ci, kaɗan-kaɗan, amma a kwanonta kawai. Ya fara matsowa har kafaɗarsa tana taɓa zanenta. Magana ce dai babu.

Wata safiya mahaifiyata ta ga wasa ya yi daɗi, ta ƙara masa gishiri. Ta ƙulle tsofaffin zannuwa a ɗankwali, ta ɗora a ka, ta fito tana ɗingishi ta ce, "To maigida, na gaji. Miji ba magana, ba cefane. Na yi yaji, na tahi gidanmu." Ta nufi ƙofar waje.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Yaron ya zabura, ya ruga ya cafke zanenta da hannu biyu, yana ihu da Kanuri, muryarsa a dishe saboda daɗewa ba a yi amfani da ita ba: "Kar ki tafi! Kaka, kar ki tafi! Ki shigo jirgin!"

Ƙullin ya faɗo daga kan mahaifiyata. Na ga fuskarta ta canja, ta gane inda wasanta ya taka. Matar da sai an kama ta take iya zama a tabarma, ranar zubewa ta yi a ƙasa a bakin zaure, ta jawo shi jikinta. Tana cewa, "Na hwasa. Na hwasa, maigida. Ba inda za ni. Ga ni, ga ka." Ya yi kuka har ya jiƙa mata gaban riga, kukan da ya riƙe tun daga bakin kogi. Ni ma ina tsaye ina yi, ba kunya. Da na waiga wajen murhu, uwarsa ta ba mu baya tana tuƙa tuwo, amma muciyar a tsaye take cikin tukunya, kafaɗunta ne kawai suke rawa.

Bayan wannan sai baki ya buɗe. Ya koma bin mahaifiyata ko'ina, ya riƙe mata buta, ya ɓoye mata carbi, in ta ce ba ta son shi ya ce shi ma ya sake ta. Kumatu suka fara dawowa. Ita ce kuma, a hankali, ta gaya masa kakarsa ta tafi wajen Allah, ba fushi ta yi da shi ba. Gida ya yi daɗi, kowa yana cewa an gama.

Ni ce hankalina bai kwanta ba, amma wannan karon na koyi yin magana a gefe. Ina shafa mata man zafi a gwiwa da yamma na ce, "Iya, akwai abin da yake damuna. An koya mana cewa yaron da ya rasa mai renonsa sau ɗaya, in ya sake rasawa, na biyun ya fi ciwo. Mutanen nan baƙi ne, wata rana za su tashi. Ke kuma ba za ki bi su ba."

Na zaci za ta yi mini tsiya. Sai ta ce, "Wannan kam malamanku sun yi gaskiya. Shafa nan, ƙasa kaɗan."

Ba ta ƙara cewa komai ba sai bayan kwana biyu. Matan maƙwabta sun sake taruwa a tsakar gida, har da mai dariyar nan. Yaron yana kwance a cinyar mahaifiyata yana gyangyaɗi. Sai ta fara nishi, tana yamutsa fuska, ta ce, "Wayyo gwiwata! Mijin nan ya yi ƙiba, zai karya ni." Ta ɗaga murya ta kira baƙuwar, "Ke ɗiyata, zo nan."

Ta zo ta durƙusa. "Ga ni, Iya."

"Riƙe mini maigidana, ƙahwata ta yi tsami. Ki riƙe shi da kyau, ba naki ba ne, nawa ne. In kika kada mini shi, ni da ke ne."

Baƙuwar ta dubi matan, ta dubi ƙasa. Babba ta aike ta, a gaban shaidu, wa zai ce ta yi rashin kunya? Ƙin karɓa ma shi ne rashin kunyar. Ta miƙa hannu biyu, ta karɓe shi, ta zauna a gefen tabarma. Da farko ta riƙe shi nesa-nesa kamar tiren ƙwai. Mahaifiyata ta ce, "Haka ake riƙe mijin mutane? Matso da shi, iska na bugunsa." Ta matso da shi ƙirjinta. Yaron ya buɗe ido ya dube ta, ya dubi mahaifiyata. Mahaifiyata ta harare shi ta ce, "Kwanta, ina kallonka." Ya mayar da kai ya kwanta. Uwar ta ja mayafinta ta rufe su su biyu. Ba wadda ta yi dariya. Mai dariyar nan ma sai ta tsiri neman wani abu a cikin faranti, ta ƙi ɗago kai.

Daga ranar gwiwar mahaifiyata ta ƙara lalacewa, amma a lokutan da ta ga dama. Lokacin wankansa ta yi tsami, lokacin cin abincinsa ta yi tsami, lokacin kwanciyarsa kuwa ba a magana. Kullum sai ka ji, "Ɗiyata, zo ki yi wa maigidana wanka." "Ɗiyata, ba shi a baki, hannuna ciwo." Na koma makaranta na bar su a haka. Da na sake dawowa hutu, na tarar ba a ma jiran aike. Uwar da kanta take cewa, "Iya, kawo in riƙe miki."

Ana nan mijin ya sami labarin 'yan uwansa a can Najeriya, a wani gari da ya fi nasu kwanciyar hankali, suka shirya tafiya. Ranar da za su shiga mota, mahaifiyata ta raka su har bakin kwalta da ɗingishinta. Ta sunkuya ta gaya wa yaron gaskiya, cewa shi ne zai yi tafiya, ita tana nan gida ba inda za ta. Ya yi kuka, amma irin kukan yara, kuma da ya juya, zanen uwarsa ya kama. Sannan mahaifiyata ta kama hannun uwar ta ce, "Ajiya na ba ki. Kullum ki rungume mini shi, sahe da yamma, ko da mutane ko ba mutane. In an yi magana ki ce tsohuwar Diffa ce ta sa ki. In na ji ya rame, har can zan biyo ki."

Yanzu ni nake koyar da darasin nan, ga matasa masu shirin zama malaman makaranta. Duk shekara in na zo kan shaƙuwar yaro da mai renonsa, ina gaya musu abin da littafi ya faɗa, don gaskiya ne, kuma ya yi mini rana. Amma ina ƙara musu da cewa kafin su ce wata al'ada mugunta ce, su duba su ga wa take dogara da shi. Kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin yaro shi kaɗai ba, akwai kaka a bayanta. Tashin hankalin nan bai tsaya ga gonaki da kasuwanni ba, har irin waɗannan mutanen ya ɗauke, waɗanda ba a lura da aikinsu sai sun ɓace. Labarin tattasai da dariyar maƙwabta ma ina ba su, su yi mini dariya, ba na jin haushi.

Mahaifiyata ta rasu bara waccan. Muna zaman makoki, gida cike da mata, sai na ji sallama da karin da na sani. Baƙuwarmu ce, ta yi jiki, ta sha hanya mota bayan mota. A gefenta wani yaro dogo, ya kusa kamo ta, yana ta sunkuyar da kai. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa, muka yi kuka tare. Da ta share ido sai ta jawo shi gabana ta ce, "Anti, ga ajiyar Iya. Na so ta gani da idonta. Ki duba mata, ya rame?"

Na ce, "Bai rame ba."

Har ranar ba ta faɗi sunansa ba, mijin Iya take ce masa. Amma duk tsawon zaman, a tsakiyar matan unguwa, hannunta yana kan kafaɗarsa, ba ta ɗauke ba.